Kwamfutar Gem Na Mutuwa Ana Tsaka da Wasa: Zafi Ne Ko Wuta?

Za ka wuni a kan kwamfutarka kana kallon bidiyo, kana rubutu, kana yawo a intanet, ko gezau ba ta yi ba. Da dare ka buɗe Warzone ko GTA V, ba a yi minti ashirin ba sai ɗif, ta ɗauke kamar an zare filogi daga bango. Duk wanda ka gaya wa, amsa ɗaya zai ba ka: zafi ne. Daga nan sai a shiga sayen fankoki, a canza man sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), wani har ya sauke Windows ya ɗora sabuwa, gobe kuma ta sake mutuwa a daidai inda ta saba.

Wani lokacin zafin ne da gaske. Amma cikin kwamfutocin da suka biyo ta hannuna da wannan ciwo, da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. Furosesa da katin hoto (mai zana abin da kake gani a sikirin) na wannan zamani ba sa mutuwa haka kawai don sun ji zafi. Kariyarsu hawa biyu ce. Idan zafi ya kai iyakar da aka yanka musu, sai su rage gudu da kansu don su huce. Sai hakan ya gagara, zafin ya ci gaba da hawa, sannan suke yanke wuta gaba ɗaya. Ke nan mutuwar zafi tana yin sallama kafin ta shigo: fankoki su yi ta kururuwa, gem ya fara tsinkewa yana jan ƙafa, sannan ta ɗauke. Wadda ta zo ba sallama, ana cikin wasa sumul, ta fi kama da matsalar wuta. Raba waɗannan biyun shi ne aikin farko, kuma da lura da awo ake yin sa, ba sai ka kashe ko kwabo ba.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan: duk abin da za ka canza, canza shi shi kaɗai, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a rana ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, ranar da ciwon ya dawo kuwa zai koma farko.

Mataki na farko: kalli yadda take mutuwa

Kafin ka ɗauki sukudireba, bari ta mutu sau biyu ko uku kana lura, da takarda da biro a gefe. Rubuta gem ɗin da kake yi, minti nawa ta ɗauka, ƙarfe nawa ne, kuma a kan wace wuta take, ta NEPA ce ko janareta ko inbata.

Idan ta ɗauke ɗif, fitilu da fankoki duk suka mutu, ta kuma ƙi tashi sai ka kashe makunnin da ke bayan fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ka sake kunnawa, to kusan ka kama mai laifi. Fawa saflai ne ya ga an ja wuta fiye da yadda zai iya, ya kulle kansa. Idan ta mutu ta sake tashi da kanta nan take, zargi ya rabu tsakanin wuta, ram (ma'adanar wucin gadi) da saitin BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows). Idan sikirin ya yi baƙi alhali fankoki na gudu da ƙarfi, har kana jin sautin gem na ɗan lokaci, katin hoto ne ya faɗi, ko direbansa (manhajar da ke tafiyar da shi), ko wayar da ke ba shi wuta. Idan kuwa shuɗin sikirin ya fito da rubutu, ka yi sa'a, don Windows ta samu damar faɗin abin da ke damunta.

Lokacin mutuwar ma yana magana. Ciwon zafi yana da tsari: karon farko ta yi minti arba'in, ka sake kunnawa ta yi minti goma saboda ba ta gama hucewa ba, kuma da azahar ya fi tsanani a kan asuba. Ciwon wuta ba ruwansa da ko ta huce ko ba ta huce ba. Yana zuwa daidai lokacin da gem ya buɗe fili mai nauyi, ko wani abu ya fashe a sikirin, ko firijin gida ko injin tura ruwa ya tashi.

Mataki na biyu: tambayi Windows

Danna maɓallin Start da hannun dama na linzami, ka zaɓi Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System. Nemo saƙon da ke ɗauke da sunan Kernel-Power mai lamba 41 a daidai lokacin da ta mutu. Mutane da yawa suna ganin kalmar Power sai su yanke hukunci cewa fawa saflai ne. Saƙon bai ce haka ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da aka saba kashe ta ba, kuma ko filogi ka zare da hannunka shi zai fito. Amfaninsa yana cikin Details. Duba layin BugcheckCode. Idan sifili ne, an yanke wa Windows numfashi ba ta sani ba, wato wuta ko kariyar zafi ko sandarewa. Idan akwai wata lamba, shuɗin sikirin ne ya faru ko da ba ka gan shi ba, kuma bincike zai karkata zuwa direbobi da ram.

Duba kuma ko akwai saƙonnin WHEA-Logger kusa da wannan lokaci. Su kayan ƙarfen ne da kansu ke kai ƙara, galibi furosesa ko ram da aka matsa wa gudu, ko katin da bai zauna daidai a raminsa ba.

Don kada shuɗin sikirin ya riƙa wucewa kafin ka karanta, shiga Advanced system settings, ka buɗe Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart.

Mataki na uku: auna zafin, kar ka kintata

Taɓa jikin kes da hannu ba awo ba ne. Sauke manhajar HWiNFO64, kyauta ce, ka buɗe ta a Sensors-only. A ƙasan tagar akwai maɓallin fara ajiye bayanai a fayil. Danna shi kafin ka shiga gem. Wannan ne sirrin, domin idan ta mutu duk lambobin da ke sikirin sun tafi, amma fayil ɗin yana nan. Bayan ka sake kunnawa, buɗe shi da Excel ka gangara layukan ƙarshe. Su ne za su nuna maka halin da take ciki dab da mutuwa.

Ga iyakokin da za ka auna da su. Yawancin furosesocin Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ne. Na AMD kuwa, Ryzen 7000 iyakarsu 95, kuma an ƙera su ne su hau har can idan aiki ya yi nauyi, don haka ganin 95 a gwaji mai tsanani ba ciwo ba ne a wurinsu. Ryzen 7 7800X3D iyakarta 89, 5800X3D kuma 90. A cikin gem dai, inda ba dukkan ƙarfin furosesa ake amfani da shi ba, na fi son in ga tsakanin 60 da 80. Furosesar da ke manne a iyakarta a gem na yau da kullum tana da matsalar sanyaya.

Katin hoto galibi lambobi uku gare shi, kuma yawanci ta farko kawai ake kallo. Akwai zafin kati na gaba ɗaya, wanda katunan Nvidia da yawa ke ƙoƙarin riƙewa a wajen 83. Akwai Hot Spot, wato wurin da ya fi ko'ina zafi a jikin ƙwayar da ke tsakiyar katin, wanda AMD ta yarda ya kai 110 a katunanta. Sai zafin ma'adanar katin, Memory Junction, wanda a katunan da ke amfani da GDDR6X irin su RTX 3080 da 3090 ke sa kati rage gudu idan ya kai 110. Abin da nake fara dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin lamba ta farko da ta biyu. Digiri 10 zuwa 15 ba komai. Idan ta haura 25 ko 30, man da ke tsakanin ƙwayar da ƙarfen sanyaya ya bushe ko ya gudu gefe, ko kuma ƙarfen sanyaya bai kwanta daidai ba. Nemo kuma layukan Thermal Throttling, wato rage gudu saboda zafi, ka ga ko sun taɓa komawa Yes, da zafin VRM, wato sashen da ke daidaita wa furosesa wuta a madabod (babban allon da komai ke haɗe a kai), idan ya nuna, da gudun kowace fanka.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka suna awonsu ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya ne ke hawa kan furosesa da kati. Katin da ka gani a bidiyo yana 72, a ɗakin da ba iyakwandishan a Kano ko Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu, lokacin da waje ke taɓa 40, zai iya kai 87 alhali lafiyarsa ƙalau. Kar ka tsorata da lamba don ta fi ta bidiyo. Da iyakar kayan za ka gwada ta.

Idan layukan ƙarshe na fayil suka nuna furosesa na 70, kati na 75, ta kuma mutu, to wanke zafi daga zargi. Ba shi ba ne.

Mataki na huɗu: matsa wa kowa shi kaɗai

Yanzu za ka jawo mutuwar da gangan don ka ga wa ke kawo ta. Bar HWiNFO64 a buɗe, idonka a kan lambobi, kuma ka tsayar da gwaji idan wani abu ya manne a iyakarsa.

Fara da furosesa ita kaɗai, ka saka manhajar gwaji ta Cinebench na minti goma. Sai kati shi kaɗai, da FurMark ko gwajin 3D na OCCT, minti goma sha biyar. Daga nan gwajin Power na OCCT, wanda ke ɗora wa su biyun kaya a lokaci guda. Idan kowanne ya tsallake shi kaɗai, amma da aka haɗa su ta ɗauke cikin daƙiƙoƙi ko minti biyu, tun zafi bai kai ko'ina ba, fawa saflai ne ko wutar da ke shigo masa.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu da nake ji da su saboda sauƙinsu. Na farko, cire murfin gefen kes, ka kafa fankar ɗaki tana hura ciki, ka yi gem ɗin da ya saba kashe ta. Idan ta daina mutuwa kuma lambobi suka sauka da digiri goma ko fiye, iska ce ba ta zagayawa a kes ɗinka. Na biyu, buɗe manhajar MSI Afterburner ka ja Power Limit na kati zuwa kashi 70 cikin ɗari. Idan mutuwar ta tsaya alhali dama zafin bai kai iyaka ba, ka tabbatar kati na neman wutar da ba a iya ba shi.

Idan zafi ne

Fara da ƙura, don ita ce ta fi yawa kuma ita ta fi arha. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana shiga ko'ina, ya haɗu da zaren kafet da gashi ya zama kamar bargo tsakanin siraran ƙarafan sanyaya. Daga nan bazara ta shigo ta tarar da hanyar iska a toshe, shi ya sa ƙorafin ke yawa a Maris da Afrilu. Kashe kwamfutar, zare filogi, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita, ka fitar da ita tsakar gida. Yi amfani da bulowa ta lantarki da burushi mai laushi. Riƙe kowace fanka da yatsa kafin ka hura mata iska, domin barinta ta yi ta juyawa da ƙarfin bulowa yana lalata ta. Kar ka kai ta wurin masu faci a hura mata iskar taya, iskar tana da ƙarfi fiye da kima kuma takan zo da danshi da mai. Haska tocila ta bayan ƙarfen sanyaya. Idan haske bai ratsa ba, ba ka gama ba. Wanke ragar tace ƙura ta gaba da ta ƙasa, ka bari su bushe sarai.

Sai alƙiblar iska. Tsarin da aka saba shi ne ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Kowace fanka tana tura iska ne zuwa ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe motarta. Na sha ganin kes mai fankoki shida duk suna tura iska waje, ko duk suna turawa ciki, mai shi yana mamakin zafi. Ya fi kyau masu shigo da iska su ɗan fi masu fitarwa, don kada ƙura ta riƙa kutsawa ta kowace kafa. Kes mai gilashi rufe a gaba yana da kyan gani, amma numfashinsa kaɗan ne, kuma a ƙasarmu mai raga a gaba ya fi shi nesa ba kusa ba. Ɗaga kwamfutar daga kan kafet, kar ka cusa ta cikin akwatin tebur, ka bar mata tazarar taƙi guda daga bango.

Idan an share ƙura, iska na tafiya, amma furosesa na tsalle zuwa iyakarta cikin daƙiƙoƙi da fara aiki, matsalar tana tsakaninta da na'urar sanyaya da ke kanta. Bari kwamfutar ta yi aiki na minti biyar don man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka sassauta sukurori, ka murɗa na'urar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Wannan ya zama dole a soket ɗin AM4, mazaunin wasu furosesocin AMD, inda busasshen mai kan fizgo furosesa daga mazauninta ya lanƙwasa mata ƙafafu. Duba ƙasan na'urar, wani lokacin ledar kariya da ta zo da ita daga kamfani tana nan ba a ɓare ba. Goge tsohon mai da sifirit na isofurofil da ƙyalle marar zare. Ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 sun wadatar. Ɗaure sukurori a gicciye, kowanne kaɗan-kaɗan, har su kai ƙarshe tare. Kar ka yarda a sa maka makilin ko giris a madadin man. Makilin yana bushewa cikin kwanaki ya bar ka cikin halin da ya fi na da muni.

Mai sanyaya ta ruwa, wato AIO, ciwonta daban. Famfon da ke tura ruwan yakan mutu shiru, fankokin kan lagireto na juyawa, fitilu na walƙiya, amma ruwa a tsaye. Alamarsa furosesa ta hau 90 ko kana zaune a BIOS ba ka yin komai. Duba gudun famfon a HWiNFO64, ka taɓa tiyo biyun: ya kamata ka ji ɗan motsi, kuma ɗuminsu ya yi kusa da juna. Idan ɗaya na ƙuna ɗaya sanyi, ruwa ba ya zagayawa. Ka tabbata kuma famfon ba shi ne ya fi komai tsayi a zagayen ba, don iska sama take taruwa. Ruwan yana raguwa a hankali cikin shekaru, kuma wadda ta haura shekara biyar ta cancanci zargi. Ni dai ga wanda ba ya son wahala, babbar na'urar iska mai hasumiya biyu nake ba shi shawara, don ba abin da zai mutu a jikinta sai fanka, ita kuwa ana gani da ido.

Buɗe katin hoto don canza masa mai ya fi wannan haɗari. Akwai siraran wayoyin fanka, akwai kuma ƙananan katifun zafi da ke kan ma'adana, waɗanda kaurinsu ya bambanta daga kati zuwa kati. Idan ka sa mai kauri fiye da na asali, ƙarfen sanyaya ba zai taɓa ƙwayar ba, ka yi gyaran gangar Abzinawa. Idan katin na da garanti, bar shi ka mayar. Idan na hannu ne, musamman wanda aka yi haƙar kirifto da shi dare da rana, yana bukatar wannan aiki, amma ka nemo kaurin katifun wannan samfurin tukuna, ko ka ba wanda ya saba.

Idan wuta ce

Daga bango za ka fara, kafin ka zargi abin da ke cikin kes. Cire kwamfutar daga estanshan, ka sa ta kai tsaye a soket mai kyau. Estanshan mai siririyar waya da filogi mai lilo sun kashe wasa fiye da yadda ake zato. Idan filogi ya yi zafi ko ya canza launi, canza shi yau.

Sai UPS, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Lambar da ke jikinsa VA ce, ba wat ba. UPS mai 650VA galibi bai kai wat 400 ba, kuma an yi shi ne don kwamfutar ofis. Kwamfutar gem mai RTX 3080, wanda shi kaɗai ke jan wat 320, za ta fi ƙarfinsa da zarar wasa ya yi nauyi, sai ya yi ƙara ya yanke. Batirinsa ma yana tsufa cikin shekara biyu zuwa uku, zafi kuma na gaggauta hakan. Bayan wannan, fawa saflai na zamani da yawa ba sa jituwa da UPS ko inbata mai fitar da wuta mai tsani-tsani, sun fi son mai fitar da tsantsar wuta irin ta layi, wadda ake rubuta Pure Sine Wave a jikinsa. Gwajin mai sauƙi ne: cire UPS daga layi lokacin da wuta ke da ƙarfi, ka yi wasa. Idan ba ta mutu ba, ka gano.

Raunin wuta ma yana taka rawa. Layinmu na bolt 230 ne, amma kowa ya san yadda ƙwan fitila ke komawa ja da yamma a wasu unguwanni. Karanta takardar da ke jikin fawa saflai ɗinka. Wanda aka rubuta 100 zuwa 240 yana jure faɗuwar wuta sosai. Wanda aka rubuta 200 zuwa 240 kawai zai ɗauke idan ta sauka ƙasa da haka. Sitabilaiza mai isasshen ƙarfi yana taimakawa a nan. Ƙaramin janareta kuwa, duk lokacin da firiji ko dutsen guga ya tashi sai wutarsa ta nutse na ɗan lokaci, fawa saflai kuma abin da yake iya riƙewa bai wuce kashi 16 ko 17 cikin dubu na daƙiƙa ba.

Yanzu shiga cikin kes. Zare kowace wayar wuta ka sake tura ta har ka ji ƙas: babbar mai baki 24, ta furosesa mai baki 8 a saman madabod, da na katin hoto. Duba bakunansu ko akwai ƙuna ko narkewa. Kowane baki 8 na kati an tsara shi ne ya ɗauki wat 150, ramin madabod kuma ya ba da 75. Idan katinka mai ci ne kuma yana da baki biyu ko uku, ja wa kowanne wayarsa daga fawa saflai, kar ka ciyar da biyu da waya ɗaya mai reshe. Masu baki mai 16 irin na RTX 4090 su ƙara kula. A ƙarshen 2022 an samu rahotannin narkewarsa, kuma binciken Nvidia ya nuna rashin tura shi har ƙarshe ne babban sanadi. Kada a ga ko siririyar tazara, kuma kar ka lanƙwasa wayar dab da bakin. Gargaɗi ɗaya mai tsada: wayoyin fawa saflai masu cirewa ba a musayarsu tsakanin samfuri da samfuri. Bakin zai shiga, amma jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma kuskure ɗaya na iya ƙona hadis da kati nan take.

Shi kansa fawa saflai, lambar wat da ke jikinsa ba ita ce duka labarin ba. Katunan zamani suna fizgar wuta ta ɗan ƙiftawar ido wadda ta ninka abin da aka rubuta musu, kuma babu manhajar da ke da saurin kama wannan. An san RTX 3080 da 3090 da wannan hali, har suna kashe fawa saflai da a lissafi ya ishe su. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa manyan fawa saflai jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Nvidia ta ba da shawarar wat 750 ga RTX 3080, da 850 ga RTX 4090. Tambarin 80 Plus kuwa rashin ɓarnar wuta yake aunawa, ba ingancin kayan ciki ba. Akwai kuma inda zafi da wuta ke haɗuwa: masu kyau ana auna ƙarfinsu ne a digiri 40 ko 50, masu arha a 25 ko 30, don haka na arha da aka rubuta wa 600 ba zai ba ka 600 a bazara ba. Idan fankarsa na kallon ƙasa kuma kes na zaune kan kafet, ka shaƙe shi.

A HWiNFO64 layin bolt 12 ya kamata ya zauna tsakanin 11.4 da 12.6 ko ana cikin nauyi. Faɗuwa ƙasa da haka hujja ce, amma zama a ciki ba wankewa ba ne. Gwajin da ke yanke gardama shi ne ka ari lafiyayyen fawa saflai mai isasshen ƙarfi, da wayoyinsa, ka yi kwana biyu da shi. Kuma ina roƙonka kar ka buɗe cikin fawa saflai. Manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare filogi.

Idan ba zafi ba wuta

Shiga BIOS ka mayar da komai saitin kamfani, ka kashe XMP ko EXPO, wato saitin da ke ƙara wa ram gudu, ka cire duk wani ƙarin gudu da aka yi wa furosesa ko kati. Idan ta daidaita, ram ne ba ya jure gudun da aka ɗora masa. Saka MemTest86 daga filash ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. Gwada sandunan ram ɗaya bayan ɗaya don ka ware mai ciwon.

Direban katin hoto, cire shi tas da manhajar DDU a Safe Mode ka ɗora sabo daga shafin kamfanin. Mai furosesar Intel ta tebur zubi na 13 ko na 14, musamman i7 da i9, ya sabunta BIOS ba tare da jinkiri ba. Intel ta amsa a 2024 cewa yawan bolt na lalata waɗannan furosesoci a hankali, ta fitar da gyara mai lamba 0x12B a watan Satumba na shekarar, ta kuma ƙara garantin shekara biyu. Gyaran yana kare lafiyayya ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Kar ka fara sabunta BIOS sai kana kan wutar da ka tabbata ba za ta ɗauke ba.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: maɓallin kunnawa ko na ristat da ya maƙale. Zare wayoyinsu daga madabod ka gwada.

Rage mata kaya

Ko bayan an gano ciwon an gyara, a yanayinmu yana da kyau a sassauta wa kwamfuta. Idan sikirinka 60 ko 144 yake nunawa a daƙiƙa, ba amfanin kati ya riƙa zana 300. Ƙayyade adadin a cikin gem ko a manhajar Nvidia ko AMD. Shafukan menu na wasu gem ba su da linzami ko kaɗan, kuma a gwajin gem ɗin New World na Yulin 2021 sai da Amazon ta sa wa menu iyaka bayan rahotannin mutuwar wasu katunan RTX 3090. Barin Power Limit a kashi 80 yana rage zafi da cin wuta sosai, abin da za ka rasa a gudu kuwa da ƙyar ido zai gane. Masu Ryzen suna da Eco Mode a BIOS, masu Intel kuma za su iya sauke iyakar wat ta furosesa daga 253 da i9-13900K ke kaiwa, gem ba zai ji a jikinsa ba. A Afterburner ka gyara fankar kati ta fara gudu da wuri, ƙara kaɗan ta fi mutuwa a tsakiyar wasa.

Idan duk ka bi waɗannan ta ci gaba da ɗaukewa, saura madabod ko katin kansa, kuma wannan sai da kayan musaya a benci. Tafi wurin mai gyara da takardar da ka rubuta tun farko, da fayil ɗin HWiNFO64 a filash, da sunan gem ɗin da ke kashe ta. Ka nemi a kunna shi a gabanka, a canza kaya ɗaya-ɗaya kana kallo, kuma kar ka biya kuɗin sabon abu sai ta yi aƙalla ninki biyu na lokacin da ta saba mutuwa tana tsaye.